Sai Tsallake

Tun kafin ruwan farko ya sauka nake fara jin tsoron damina. Mutane suna duban gabas suna murnar hadari, ni kuwa ina taɓa goshin yara. Babban, wanda ba na kiran sunansa don ɗan fari ne, ya taɓa yin zazzaɓi da jijjiga a hannuna yana ɗan yaye, idonsa ya kakkafe, na ɗauka shi ke nan. Allah ya bar mini shi. Amma tun daga lokacin, da na ji kukan sauro a ɗaki sai in tashi in lulluɓe shi. Ga ƙanwarsa kuma a baya, ba ta da jiki.

Garin da aka kawo ni aure ƙarami ne, a ƙasar Gaya, can ta wajen da take haɗuwa da ƙasar Ajingi. Idan ka baro hanyar Balan ka bi burtali, za ka fara ganin kukoki, sai masallacin Juma'a, sai injin niƙa, sai gidaje a cure a kan jigawa. Wannan shi ne cikin gari. Daga gida na ƙarshe ƙasa take gangarawa zuwa wani kwari. Da rani yashi ne zalla, awaki suna kwanciya a ciki. Da damina ruwa yakan kai gwiwa, lokacin marka kuwa har ƙugu. Bayan kwarin akwai 'yan gidaje a warwatse cikin gero, kowanne da dangarsa da turken shanunsa. Mu ke nan. Dagacinmu ɗaya da cikin gari, maƙabartarmu ɗaya, amma sunan unguwarmu Tsallake. Idan ka wuce mu ka ratsa fadama, sai babban rafi, bayansa ƙasar Ajingi ce. Ita ma tsallake muke ce mata.

Yawanmu kuwa ban sani ba, kuma ban taɓa jin wanda ya sani ba. Inna, uwar maigidana, cewa take ba a ƙirga mutum, dabba ake ƙirgawa. Ni dai a bakin rijiya nake ganewa. Da an gama girbi maza su tafi cirani Kano, masu shanu su yi kudu, sai ka ɗebi ruwanka ba ka jira kowa ba. Da ruwa ya sauka kowa ya dawo, guga ya riƙa karo da guga, amaren bara duk da goyo. Garin yana cika ne daidai lokacin da kwari yake rufe mu.

Wata rana cikin damina na kai niƙa cikin gari. Ina tafe sai na lura kowace ƙofa da rubutun alli a jikinta, sabo, ruwa bai wanke ba. Na tambayi matar da ke gabana a layin inji. Ta ce, “Au, ku ba a je muku ba? Masu maganin zazzaɓin yara ne, gida-gida suke bi. Wannan zuwansu na biyu ma.” Na sauke ƙwaryata. A Tsallake ko ƙofa ɗaya babu alli.

A gida na ƙarshe kafin gangare akwai wata tsohuwa mai daddawa, kowa Gwaggo yake ce mata. Babarbariya ce, ni kuma iyayena Fulani, don haka ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba. Tana hango ni ta ce, “Ga baiwata ta dawo. Ina nonon da kika kawo wa uwargijiyarki?”

Na ce, “Gwaggo, yau ba wasa ya kawo ni ba. Masu magani sun zo nan?”

“Sun zo mana. Har ruwa na ba su.”

“Ba ki faɗa musu muna can ba?”

“Ni da bakina! Wata yarinya a cikinsu ta ce, Iya, nan ne ƙarshen gari? Na ce mata, sai Tsallake.”

“Sai suka ce me?”

“Suka ce to, madalla. Suka juya.”

A nan na gane. Ita tana nufin saura unguwarmu. Su kuma sun ji cewa daga nan sai wata ƙasa, ba tasu ba. Gwaggo ta dafa ƙirji ta ce, “La'ilaha illallahu. Wato ni na kore su?” Na ce ba ita ba ce, sunan ne. Daga bakin ƙofarta ba ka ganin komai sai ruwa da gero ya yi kai. Ko ni ce baƙuwa zan rantse babu mutum a bayansa.

Da na faɗa a gida, maigidan ya ce zai yi wa mai unguwa magana. Ya yi, mai unguwa ya ce zai kai wa dagaci. Noman gyaɗa ya taso, maganar ta bi ruwa. Kafin wata ya zagayo ƙaramar ta kwanta. Jikinta kamar garwashi, ko nono ba ta kamawa. Baburan haya ba sa tsallako mana, sai ubanta ya ɗaga ta sama a kan kafaɗa ya ratsa ruwan, ina binsa riƙe da gefen rigarsa, ƙafata tana nutsewa cikin yashi. A can muka sami mai babur zuwa asibiti. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma tafiyar da ta fara yi ta koma rarrafe, sai bayan kaka ta sake miƙewa.

Da aka ce masu magani sun kusa dawowa, na nemi izini na kwashi yaran biyu na je na tare a zauren Gwaggo. Ranar farko ba su zo ba. Na koma, na sake dawowa. Gwaggo tana ta mita wai Fulani sun mamaye mata gida, tana kuma ɓare wa yaran gyaɗa. Da suka iso, 'yan mata ne da jaka da wani saurayi mai riƙe da alli, duk sun gaji, takalmansu duk taɓo. Tun kafin su yi sallama Gwaggo ta miƙe ta ce, “Yau kam ku tsaya. Tsallake biyu ne. Ga mutanen na farkon.”

Babbarsu ta dube ni ta ce, “Baiwar Allah, wai akwai gidaje a can? Mu an ce mana da ka haye ruwa Ajingi ka shiga.”

Na ce, “Wancan ruwan daban. Wannan kwari ne kawai.”

Ta dubi ruwan. Sannan ta cire takalminta ta riƙe a hannu. Ranar suka shiga kowane gida, har rugar da ke bakin fadama. Inna ta hana yara jingina da ƙofarmu kada su goge allin.

Na ɗauka an gama. Da damina ta zagayo sai aka turo wasu sababbi, waɗanda ba su san mu ba. Gwaggo kuma ta rasu da azumi, Allah ya jiƙanta, jikanta da matarsa ne a gidan, su ma aka tambaye su suka ba da amsar da kowa yake bayarwa. Na sake ɗaura goyo na sake ratsa ruwa na je na tare su. Bana ma haka. Yanzu ga wani cikin, ƙafafuna suna kumbura, ban san ko marka mai zuwa zan iya shiga kwarin ba.

Don haka kai mai karatu, ko ɗanka ko ƙanwarka, idan aka taɓa turo ku wajenmu da magani ko gidan sauro, kuka kai gida na ƙarshe aka ce muku sai tsallake, don Allah kada ku juya. Ku tambaya wane tsallaken. Akwai yara a bayan geron nan.