Ranar da Aka Daina Ture Ni

Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina shekara uku. Shan inna ne, kuma ban san kaina da wata tafiya ba sai ta sanda. A Fassi babu wanda ya ɗauki wannan wani babban labari. In an aiki yara ɗebo ruwa, ni a ba ni jiran shanyar barkono. In ana ƙwallo a filin makaranta, ni ne mai gadin takalma, har na haddace wanda silifas ɗinsa ya tsinke aka laƙa da ƙusa. Ba zaluntata ake yi ba. Ajiye ni ake yi a gefe a hankali, kamar tulu mai tsaga, inda ba za a buge ni ba.

Wasa ɗaya ne ba a ajiye ni a cikinsa, shi ne langa. Ana raba yara gida biyu, kowa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar. Kowane gida yana da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ake so ya kai wani wuri da aka shata, wato wurin sha. Sauran su ne dawaki, suna kare shi, suna bangaje abokan karawa. Ka faɗi ko ka saki ƙafa, ka fita. To, abin da sauran yara ke yi na minti biyar suna haki, shi nake yi tun daga tashi barci har kwanciya. Ƙafata ta dama ta yi ƙwari kamar taɓarya, ta hagun kuwa riƙe ta bai fi riƙe kara wuya ba.

Ɗan maƙerin unguwarmu ne ya fara gane haka. Ƙato ne, ya girme ni da shekara biyu, amma ajinmu ɗaya saboda karatu bai dame shi ba. In muna gida ɗaya, ni ne ruwa, shi ne babban dokina. In aka raba mu kuwa, ba ya raga mini ko kaɗan. Zai taho da kafaɗar nan tasa ya yi sama da ni, in ci ƙasa, in tashi da jini a baki ina dariya. Mahaifiyata ta sha zuwa ƙofar gidansu da ƙorafi. Ba ta san cewa duk garin nan shi kaɗai ne yake taɓa ni ba tare da tsoron zan fashe ba, kuma saboda haka nake son sa fiye da kowa.

Muna aji shida, bayan an gama girbi, aka ce za a yi sansanin 'yan sikawut na kwana uku a wani fili kusa da Rurum Tsohon Gari. Makarantu za su zo daga Rano da Kibiya da ƙauyukansu. Ba a sa sunana ba da farko. Ɗan maƙeri ya je ya tsaya gaban malamin sikawut ɗinmu ya ce, "Malam, an ce akwai gasar langa. In ba ka tafi da shi ba, gara ka bar mu duka a gida, don kunya za mu je mu kwaso." Malam ya yi dariya ya ƙara sunana a ƙasan takardar. Mahaifiyata ta ce babu inda za ni, mahaifina ya ce ta bar ni in je in ga duniya, ko da duniyar Rurum ce.

A bayan a-kori-kura muka tafi, da tabarminmu da kwanukanmu. Tanti na gaske biyu ne kawai a wurin, na malamai. Mu tamfol aka ɗaura mana a kan sanduna. An kafa allo a gindin wata tsamiya an rubuta wasannin kowa. Ƙanana suna da tseren buhu da tseren ƙwai a cokali, sai dai lemon tsami aka sa a cokalin, don an ce ƙwan na karin kumallo ne. Manyan 'yan sakandare suna da jan igiya da ƙwallo. Malamai ba su rubuta nasu ba, amma tun kafin a gama kafa tamfol sun haƙa ramukan dara a inuwa. Can ƙasan allon aka rubuta langa, rana ta biyu bayan la'asar, Fassi da Zinyau.

Ranar farko na yi gadin takalma kamar yadda na saba, kuma ban ji komai ba. Ina kallon masu faɗuwa a cikin buhu, ina ce wa kaina ku yi naku, gobe ranata ce. Yaran Zinyau sun zo sun ga sandata, sun ji an ce ni ne ruwan Fassi, suka riƙa taɓa juna suna ƙyalƙyalewa. Hakan ma daɗi ya yi mini, don na san abin da ke jiran su.

Da hantsin rana ta biyu malaminmu ya hau babur zuwa Rano sayo burodi. Ɗan maƙeri ya ce mu gwada ƙafa kafin la'asar. Muka koma bayan tamfol, ya shata wurin sha da sandata, ya jefar da ita gefe. Ya ce ni kaɗai, su shida, in na wuce su to Zinyau ba komai ba ne. Na kayar da biyu, na zille wa na uku. Sauran suka kewaye ni suna tsalle da ƙafa ɗaya suna ihu, sai ga shi ya taho ta bayana ya kwashe ni. Na faɗi rub da ciki, leɓena ya fashe. Suka fashe da dariya, ni ma ina shirin yi, sai muka ji usur.

Wata 'yar bautar ƙasa ce, daga kudu aka turo ta wata makaranta a Rano, ta biyo ɗalibanta sansanin. Ba ta taɓa ganin langa ba. Abin da ta gani shi ne yaro gurgu a ƙasa da jini a baki, an jefar masa da sanda, ga lafiyayyu shida suna ɗingishi a kansa suna dariya. Duk wanda bai san wasan ba, abin da zai gani ke nan, kuma har yau ban ga laifinta ba.

Ta durƙusa a gabana, a kan ƙasa, da fararen takalmanta. Ta ciro hankici ta goge mini baki. Idanunta sun ciko. Babu malamin da ya taɓa durƙusawa a gabana, babu wanda ya taɓa yin ƙwalla saboda ni in ba mahaifiyata ba. Ta kira wani ɗan sakandare ya yi mana tafinta.

Ya ce, "Malama ta ce kar ka ji tsoro. Kwaikwayon tafiyarka suke yi?"

Na ji tambayar sarai, ba zan ce ban gane ba. Kalma ɗaya ce ta rage mini, in ce wasa ne. Amma hannunta yana kan kafaɗata, tana kallona kamar ni ne mutum mafi muhimmanci a filin, kuma ban taɓa ce wa malami a'a ba a rayuwata. Ban so ta tashi ta karkaɗe gwiwarta ta ji ta yi wauta. Na gyaɗa kai.

Ta sa su shidan suka durƙusa a tsakiyar fili, cikin rana, hannuwa sama, a gaban duk makarantun. Ɗan maƙeri ya yi ta cewa, "Langa ce, wallahi langa ce, ku tambaye shi!" Tafintan ya ce ai an tambaye shi. Ni kuwa an zaunar da ni a inuwar tsamiya kusa da masu dara, an ba ni biskit da ruwan leda. Malaman da ke wurin sun ɗaga kai sun duba, amma ba ɗalibansu ba ne, suka koma kan ramukansu. Na ci biskit ɗin. Wannan ma ban manta ba.

Da malaminmu ya dawo ya ji bayani, nan take ya gane abin da ya faru. Ya sallami yaran. Amma ya ce baƙuwa ce, da kyakkyawar niyya ta yi, ba za a kunyata ta a gaban jama'a ba. Ya je ya goge langa daga allon da gefen hannunsa, ya rubuta tseren buhu zagaye na biyu. Ni kuma, don kada in ji ba daɗi, ya rataya mini usur a wuya ya ce ni ne alƙalin wasa.

Da aka raba abincin rana na ɗauki kwanona na nufi inda suke zaune. Kullum in na zo sai wani ya miƙe ƙafa ya harɗe mini sanda, ko ya sa hannu a kwanona. Ran nan ɗan maƙeri ya ɗago ya ce, "Ku matsa wa alƙali. Kar wanda ya taɓa shi." Suka matsa. Wuri mai faɗi suka ba ni, wanda mutum uku za su zauna.

Na ce, "Ban yi nufin a yi muku haka ba."

Ya ce, "Ina kallon ka. Kanka ya yi sama, ya yi ƙasa." Ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Da ya zage ni, ko ya kife ni da mari, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Na zauna a tsakiyar wurin da suka bar mini. Bayan la'asar na tsaya ina hura usur yaran Fassi da na Zinyau suna tsalle a cikin buhunan taki, kuma ban san wa ya ci ba.

Da safen rana ta uku, ana kwance tamfol, na zagaya baya. Layin da ya shata da sandata yana nan bai gama gogewa ba. Na ajiye sandar, na riƙe ƙafata, na yi tsalle tun daga farko har wurin sha. Babu wanda ya tare ni. Ban taɓa isa da sauri haka ba, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba. Na tsaya a kan layin na yi kuka, sannan na koma da tsalle na ɗauki sandata, don mota tana ta oda.

Na yi zaton in mun koma gida abin zai wuce. Fushin ya wuce, amma langa ba ta dawo ba. Shekarun barin ta sun riga sun zo, suka koma ƙwallo gaba ɗaya, na koma kan takalma. Ɗan maƙeri ya bi wani kawunsa Kano koyon walda. Yanzu in ya zo gida da salla mukan haɗu, ya miƙo mini hannu biyu, ya tambayi iyali, ya kauce mini a hanya. Sau biyu na ɗauko maganar, ya ce, "Haba Malam, ai yarinta ce." Ya yafe, na sani. Ni ba yafiyar nake nema ba.

Yau shekaruna sun ja, ina koyarwa a wata firamare a Kibiya. Yaran layinmu suna langa da yamma a bakin masallaci, kuma ba su iya ba, ruwansu yana tsalle kamar wanda ya taka ƙaya. Da zarar sun hango ni sai duk su saki ƙafafunsu, su tsaya cak, su ce, "Sannu da zuwa, Malam," su jira in wuce. Iyayensu ne suka koya musu, kuma tarbiyya ce mai kyau.

Kwanan baya na kasa daurewa. Na jingine sandata a bangon masallaci, na tattare rigata, na riƙe ƙafata ta baya. Na ce, "Ni ne ruwa. Duk wanda ya kayar da ni, gobe ba zai yi shara a makaranta ba." Suka kalli juna suna murmushi. Na fara tsalle na nufe su, ina jiran kafaɗar farko. Suka dare gida biyu suka ba ni hanya.