Billen Da Na Goge

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina, na rungume hoto a cikin firam kamar an ba ni riƙon jariri. Sana'ata ke nan, gyaran tsofaffin hotuna a kwamfuta, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Hoton na kakan abokin nawa ne, wanda ya rasu tun kafin a haife shi, kuma shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Matarsa, wata tsohuwa a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, ita ta ciro shi daga ƙasan adaka ta ba jikan nata, da sharaɗin a dawo mata da mijinta fes. Takardar duk danshi ya cinye ta. Ina gama kwafarta da na'urar sikana ta ɓarɓashe a hannuna kamar busasshen ganye. Abin da ya rage na bawan Allahn nan sai wanda ke cikin kwamfutata.

Kwana uku na yi ina goge tsage-tsage da tabo. Manhajar da nake aiki da ita hawa-hawa take ajiye aiki: asalin hoton a ƙasa, kowane gyara a samansa, in ka yi kuskure ka ɗage ka koma baya. Da na zo adanawa don a buga, sai gargaɗi ya fito: in ka adana haka komai zai haɗe ya zama ɗaya, zai kuma hau kan tsohon fayil mai wannan suna, babu komawa. Kullum ina ganinsa. Ko karantawa ban yi ba na danna "eh". Sabo turken wawa.

Kuɗin mota kada ma ku tambaya, sai da na ce wa kwandasta ko har da karin kumallo a ciki. A Wudil muka sha kunu da ƙosai mai zafi, kogi ya cika ya batse. Daga nan hanya ta miƙe, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, an yanke riɗi an jingine a gonaki. Akwai wata akuya a but ɗin motar da ta yi ta ba direba amsa duk sanda ya faɗa rami.

Muna dosar Birnin Kudu duwatsu suka fara bayyana, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora su. Abokina ya ce ba za mu wuce ba sai na ga zanen mutanen da. Wani dattijo mai kula da wurin ya shige gaba, muka sunkuya ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa. Jama'a, shanu ne! Shanu masu dogayen ƙaho, an zana su da jan launi a jikin dutse, har yanzu ana gane wuya da ƙafafu. Babu wanda ya san sunan mai zanen. Damina nawa ta wuce a kansu, Allah kaɗai ya sani. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ni da nake taƙama da kwamfuta, ga wani ya yi nasa da ƙasa da yatsa, aikinsa ya binne jikokin jikokinsa. Dattijon ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani falalen, sai ga amo kamar ƙararrawa, na ji shi har cikin ƙirjina.

Na kai hannu zan shafa wata saniya da ƙahonta ya dusashe. Ya ce, "Malam, kallo da ido." Wai an taɓa yin baƙon da ya fito da alli zai bi layin don ya fito sosai a hoto, da ƙyar aka riƙe hannunsa. "Mai ɓarna ana ganinsa a kore shi. Mai gyara ne abin tsoro, don shi har sannu ake yi masa." Na yi dariya ina gyaɗa kai, kamar ba da ni ake ba.

Muka sha fura da nono a bakin tasha, irin mai kaurin nan da ludayi ke tsayawa a ciki, muka hau motar Gwaram. Daga can acaɓa ya ƙarasa da mu Farin Dutse ta cikin gonaki, duk wanda muka gitta sai ya ɗaga fartanya ya yi mana barka da zuwa.

Tsohuwar tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, aka kawo ruwa, aka kawo dambu. Na miƙa hoton da hannu biyu, ina jiran a fara sa min albarka. Ta kai shi kusa da ido, ta matsar da shi nesa, ta juya shi wajen haske. Can ta ce, "Wannan kyakkyawan saurayi ɗan gidan waye?"

Abokina ya ce, "Inna, ai Malam ne."

"Malam yana da bille."

Na tuna wani layi da ya taso daga gefen hanci ya gangaro kuncin hagu. Na ɗauka karayar takarda ce. Kusan awa guda na ɓata ina share shi, har ina yaba wa kaina. Na zaro kwamfuta daga jaka, na buɗe nan, na buɗe can, alhali na san abin da zan tarar: fuska sumul, babu komai a ƙarƙashinta. Na faɗa mata gaskiya, cewa na'urar ma ta gargaɗe ni na ƙi ji. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce a miƙo mata tandun kwallinta. Ta zaro tsinken, ta ɗora shi a kan gilashin firam. Ta ja layi ɗaya daga gefen hanci, da ta zo ƙarshe ta ɗan lanƙwasa shi sama. Wai surukarta ce ta ba ta labari, atishawa ya yi ranar suna wanzami na tsakiyar aiki. Ta yi dariya, sai kuma hawaye. Ta ce, "Yauwa. Sannu da zuwa, Malam." Shanun dutse ma ba su girgiza ni haka ba.

Na roƙe ta ta ba ni in koma da shi in sa billen yadda ba zai gogu ba. Ta rungume firam ɗin. "Tafiya ɗaya ya yi ya dawo da fuskar wani, ba zai ƙara ba. In ya goge sai in sake, ai ina nan."

Bayan la'asar muka juyo, muka shigo Kano ana kiran isha'i. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, ga tsarabarku: asalin hoto a ajiye shi daban, a yi aiki a kan kwafi, a adana da sabon suna. In gargaɗi ya fito, a cire hannu a karanta. Kuma kafin ka goge layi a fuskar mutum, tambayi wanda ya san fuskar. Zan iya zana bille a kwamfuta, amma nawa zai zama, ba na wanzamin ba. Na gaskiyar yana wuri ɗaya yanzu, a hannun tsohuwar da ta ce ai tana nan. Ina ta lissafin shekarunta a mota, kuma ni na danna "eh".