Ɓargon da muka kai Yamai

Shekarar da ta biyo bayan fara, wadda ta cinye abin da fari ya rage mana, ita ce shekarar da na shiga ajin karatun manya a Filinge. Ina da shekara arba'in da 'yan kai. Malaminmu saurayi ne mai son jarida, ko da ta bara ce, ko da an naɗe ƙosai da rabinta.

Wata rana ya zo da irin wannan rabin. Ya ce Turawa sun gano cewa jikin mutum yana da iri kamar na hatsi, wasu ƙwayoyi da sauran jiki ke tsirowa daga gare su. Akwai na cikin tayi ɗan kwanaki, wanda ke iya zama kowace gaɓa. Akwai na jinin cibiyar jariri. Akwai na cikin ɓargo, mai haifar jini. In jinin mutum ya lalace, sai a ɗebi ɓargon ɗan'uwansa a dasa masa.

Ɗiyata tana da amosanin jini tun tana goye. In ciwon ya tashi, ko zane ba ta so ya taɓa ƙafarta. Na ce, "Malam, har da irin nata?"

Ya duba takardar, ya juya ta. Wurin amsar, man ƙosai ya riga ya cinye shi. Ya ce, "Har da shi mana."

Na kai maganar gida. Yayanta, ɗana na fari, ya ce a ɗebi nasa. Sai kawuna, tsohon soja wanda bai taɓa faɗa mana yaƙin da ya je ba, ya buga sanda a ƙasa.

"Wannan yaron mi ag gare shi cikin ƙashi? Kunu! Ɓargon soja za a sa mata."

"Kawu, shekarunka fa."

"Shekaruna sun ci naka hatsi?"

Haka muka zama mu huɗu masu tafiya Yamai. Na sayar da akuya biyu a Baleyara. Uwar yarinyar ta dubi gabas ta ce hadari na haɗuwa, mu bari a yi shibka tukuna. Na ce mata kwana biyu ne. Ni da na fara karatu, har na soma yi wa mutane bayani da yatsa.

Kwana shida muka yi a Yamai kafin mu ga likita. Mace ce, ta saurare ni har na gama, ba ta yi dariya ba, abin da na gode mata. Ta ce maganar gaskiya ce, amma ba a yin aikin a nan, sai ƙasar waje. Sai an gwada an ga ɓargon ya dace, kuma ba kowane ɗan'uwa ke dacewa ba. Aikin kansa yana iya kashe mutum. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce yarinya ta yawaita shan ruwa, a kiyaye ta da sanyi.

Kawu ya ce, "To, ni fa?"

Ta ce, "Baba, zo in auna ka." Ta same shi da hawan jini. Shi kaɗai ya dawo da sabon abu.

A hanyar komawa, tun daga garin Damana muka fara ganin gonaki da sawun shibka. An yi ruwa kwana biyu bayan tafiyarmu, kowa ya fita da sungumi, ƙasa kuma ta riga ta bushe. Uwar yarinyar ta shibka abin da ta iya ita kaɗai, gefen gona guda. Ruwa na biyu bai zo ba sai bayan kwana ashirin, sannan muka shibka, kuma damana ta ɗauke da wuri. Hatsinmu ya tsaya da kai babu ƙwaya.

Malam ya tambaye ni yadda aka yi. Da na faɗa masa, ya ce ai dama ya san sai ƙasar waje.

Mun rasa akuya biyu da amfanin gona uku. Ɗana ya tafi ci-rani bakin teku da kaka, don babu abin da zai ci a gida, kuma bana shekararsa ta tara bai dawo ba. Ciwon yarinyar yana nan yadda yake.