Fim Ɗin Da Na Hana Shi Ƙarasa Fassarawa

Edita, a shekarun da nake jan motar alhazai a unguwar Kudai, kusa da Harami, ni mutum ne mai son dariya, mai gudun duk abin da zai ɓata mini rai. Ɗaki ɗaya muke haya da wani dattijo ɗan dako, wanda a can Damagaram malamin Faransanci ne. Ni Bakano, shi Badamagare, ka san wasan da ke tsakaninmu. Ko gaisuwa ba ma yi sai da tsiya.

Yana da finafinan Faransa a wayarsa, duka na marubuci ɗaya. Ba ruwansa da 'yan wasan, sunan wanda ya rubuta labarin yake nema. Bayan la'asar sai ya jingina wayar da tukunya yana fassara mini, har da kwaikwayon muryar mata, ni kuwa ina riƙe ciki. Yakan ce gwanintar mutumin nan ita ce ya sa ka dariya har ka saki jiki, sannan ya nuna maka abin da mai ba ka dariyar yake ɓoyewa. Nakan ce masa wannan falsafar Damagarawa ce.

Dab da aikin hajji sai ya nace wa fim ɗaya, labarin wani mai barkwanci da ciwo ke ci bai gaya wa kowa ba. Kullum aka zo ƙarshe, inda mutumin ya zaunar da ƙaninsa, muryar dattijon takan yi ƙasa, ni kuma in kife wayar in ce ya sako mana na dariya. Ina ganin ya rame, ina jin tarinsa. Ya taɓa ce mini kayan Mina bana sun fi ƙarfinsa, na ce dama yaushe Badamagare ya yi ƙarfi. Ya yi dariya. Ashe asibiti yake tsoro, kada a gano ciwon a hana shi sabunta igama, wato takardar izinin zama.

A Mina ya faɗi, da kayan wata hajiya a kafaɗarsa, ya rasu. Aka sallace shi a Harami, kowa na cewa ya yi sa'a. Ni dai kunya da baƙin ciki ne suka cika ni.

Daga baya na roƙi wani alhaji ɗan Nijar ya fassara mini wurin da nake kifewa. Ya ce mutumin roƙon ƙaninsa yake ya raka shi wurin likita, don yana tsoron zuwa shi kaɗai.

Marubucin nan ya san mutane fiye da ni da na kwana ɗaki ɗaya da mutumina. 'Yan'uwa, in abokin wasanku ya sassauta murya, ku ajiye wasan ku saurare shi. Motar tana hannuna kullum, asibitin kuma a kan hanyata yake.