Katunan da suka fito da zane a baya

Hutun da na dawo Faskari daga makaranta, na tarar kwamfutar shagon Kawu ta cika da bairos. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shagonsa na buga takardu ne da hotokofi. Ni ba mai magana ba ne, amma ranar bakina ya buɗe. Na ce akwai wata manhaja, Linux, kyauta ce, bairos ba ya damun ta sosai.

"Kyauta?" in ji Kawu. "Injiniya, abin sadaka ka kawo mani?"

Duk da haka ya bar ni. Na kwashe fayilolinsa a fulash, na sake dubawa, sannan na ɗora sabuwar manhajar. Komai ya tashi garau. Firinta ce kaɗai ta yi gum.

Ga shi ɗaurin auren babban ɗansa ya matso. Katin gayyata kuwa sai ranar kasuwar Yankara ake raba shi, don ranar ce dangi na ƙauyuka ke haɗuwa wuri guda. In kasuwar ta wuce ba kati, sai Kawu ya bi su gida-gida a babur, kuma duk wanda aka tsallake zai riƙe abin a zuciya har jikoki. Takardar katin mai kauri ce, mai ruwan madara, daga Funtuwa ya sayo ta daidai adadin mutanensa.

Na gano abin da ya rage: wani ɗan fayil da ke koya wa kwamfuta yaren firintar. Sauke shi ne aiki, don sabis ɗin waya a unguwarmu sai an hau tudun bayan makaranta. Nakan je in tsaya da waya a sama, in dawo in gwada, in tura shafin gwaji, firinta ta yi shiru. In sake komawa. Kawu kuma duk shigowarsa sai ya buɗe katin a kwamfuta ya danna umarnin bugawa, wai ko ta huce.

Telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ce, "Alhaji, ba ku yi mata bayani ba ne. Kun sauya mata maigida ba shawara."

"Tambayi Injiniya," in ji Kawu. "Shi ya san gidan su amaryar."

Na sunkuyar da kai ina karanta bayanin da na riga na haddace.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, na dace da fayil ɗin da ya yi daidai. Ban san Kawu ya riga ya zuba katunan masu kauri a cikin firinta ba, wai kyakkyawan zato. Ban kuma tuna cewa duk umarnin da muka tura bai ɓace ba, yana nan a layi yana jira. Ina gama sakawa firinta ta yi tari, ta fara aiki kamar mai ramuwar azumi. Katin Kawu, shafin gwajina, katin Kawu, shafin gwajina. Kafin in lalubo inda ake tsayar da ita, katuna da yawa sun fito ɗauke da da'irori da layuka da ƙananan rubutun Turanci.

Kawu ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana kallo. Na jira faɗa. Sai ya juya katin, ya shafa bayansa fari tas.

"Mi ya samu nan ɓangaren?" ya ce. "Mai da su ciki."

Haka muka buga gayyatar a ɗaya fuskar. Washegari da safe ya tafi Yankara da katunansa cif, ba wanda aka tsallake.

Ranar ɗaurin aure wani dattijo daga Mabai, ƙanin kakanmu, ya kira ni gefe, ya zaro katinsa ya nuna mani da'irorin.

"Jikana, an ce kai ka zana taswirar nan. Allah ya yi albarka. Amma da ban san gidan ba, da na ɓata."

Na ce, "Amin, Baba."

Kawu yana bayanmu, dariya ta hana shi gaisa da mutane.