Gwaggo Yagana da Karatuna

Duk wanda ya san Gwaggo Yagana, yayar babanmu, ya san ba a ba ta labari ta ce "to". Ko rediyo ce ta ce gobe za a yi ruwa, sai ta ɗago kai daga murhun bandar kifinta ta galla mata harara: "Ke kuma wa ya gaya miki?" Mu yaran gidan gudunta muke yi, don ko "lafiya lau" ka ce mata sai ka kawo hujja.

Shekarar da sakamakon jarrabawarmu ta gama sakandare ya fito, na faɗi warwas. Ba lissafi, ba Turanci, ba kimiyya, ni da nake cika baki zan tafi makarantar koyon aikin jinya. Ga shi ruwa ya cinye shinkafar Baba a fadama. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Sau ɗaya zan ƙara biya miki. In kika sake faɗuwa, ke da boko shi ke nan."

Na shige ɗaki ina rusa kuka. Sai ga Gwaggo ta bankaɗo labule, duk tana warin hayaƙi.

"Wa ya mutu?"

"Gwaggo, zaluntata aka yi. Littafin nan kaf na haddace shi."

"Madalla. Kifi da me yake numfashi a cikin ruwa?"

Na share hawaye na zubo mata Turanci tiryan-tiryan, yadda yake a shafi. Ta saurara har na dire.

"In zagina kika yi, Allah ya isa. Faɗa mini da Hausa."

Wayyo kunya! Ashe ban san me nake faɗa ba.

Daga ranar na shiga uku. Kullum sai in zauna gefen murhunta in karanta darasi guda, ta fizge littafin ta zauna a kansa, ta ce, "To, koya mini." In na kakare, ta ɗan ɗaga cinya ta zaro mini in sake dubawa. Har yau littattafan nan ƙarnin tarwaɗa suke yi.

Ranar da muka zo kan cewa duniya tana juyawa, ai sai ta ajiye wuƙa. "Juyawa? Tun da aka gina ɗakina ƙofarsa gabas take kallo!" Na nemo goruba da cocila, na yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe.

"Na gane sarai," in ji ta. Har na fara washe baki. "Amma ƙarya ne." Ta karɓe gorubar ta hau gwaguya.

Na sake zana jarrabawar. Muna jiran sakamako kogi ya ɓalle, gidanmu ya zube, aka kwashe mu zuwa ajin wata firamare. Can amai da gudawa ya ɓarke, ya kama Gwaggo. Ma'aikacin lafiya ya haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ta datse haƙora.

"Ruwa ne ke zuba daga jikina, ku kuma ku ƙara mini ruwa? Da wane dalili?"

Baba ya durƙusa. "Yaya, don girman Allah ki sha." Ta juya masa ƙeya. Haka aka wuni.

Da na ga idonta ya faɗa, na riƙe hannunta na fara: yadda ƙwayar cutar ke shiga hanji, yadda take tatse ruwan jiki da gishirinsa, yadda sukarin ke jan gishirin ya koma jini, ruwa ya bi su. Ban kakare ko sau ɗaya ba. Sai ta miƙo hannu ta karɓi kofin.

"Wannan kam kin iya," ta ce.

Sai dai an makara. Ruwa ya yanke hanyar asibiti, washegari ta cika.

Sakamako ya fito bayan an tashi daga zaman makoki. Na ci. Har yau haushinta nake ji da ba ta sha da wuri ba, na kaina kuma ya fi, da na tsaya kallo ban fara bayanin tun da safe ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Yagana, ya yafe mata. Ita da ta ƙare rayuwarta tana tsare mutane da tambaya, ya Allah ka sauƙaƙa mata tata a kabari, ka sa amsa a bakinta. Amin.