Goggo Waƙafi Za Ta Ajiye Aiki

Kafin masu inji su iso maɗaba'a, Goggo Waƙafi ta riga ta kakkaɓe teburinta na bakin taga, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta jawo tarin shafukan da ke jiranta. Aikinta duba rubutu kafin ya hau inji, kuma yawanci littattafan labari ne ke zuwa gabanta. Ba ta karatu a zuci. Leɓɓanta na motsi, in ta zo inda mutanen labari ke hira sai ta ɗan sauya murya, don ta ji ko wanda ya buɗe baki shi ne ya rufe. In wani ya karɓi zance, ta sauke shi a sabon layi. In tambaya ya yi, alamar tambayar ta zauna cikin alamar rufe magana, ba a waje ba. In “in ji wane” ya biyo baya, waƙafi ne ke da wurin, ba aya ba. Nan ta samo sunan. Mai inji yakan ce ko gaishe ta ka yi, sai ta tabbata ka rufe magana kafin ta amsa.

Abin da abokan aikinta suka fi tunawa shi ne littafin wani tsohon marubuci. Ya kawo shi da rubutun hannu, ya ce zai dawo su zauna a kai, domin shi in alƙalami ya ɗauke shi ba ya tsayawa sa alama, maganar uwar da ke labarin da ta ɗanta duk sai su bi layi guda. Bai dawo ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a asibiti, ta kama masa harshe.

Manaja ya ce, “Goggo, ki sa alamomin yadda kika ga ya dace. Jikin nasa ba daɗi, iyalinsa na so ya ga littafin da idonsa.”

“Yawancinsu zan iya,” in ji ta. “Amma akwai wuraren da in na kintata, zan iya sa wa mutum maganar da ba tasa ba. A jinkirta mini kaɗan.”

Manaja ya jinkirta. Ta gama duk inda zance ya fito fili, sauran ta zuba a jaka, tana tashi daga aiki ta wuce asibiti. 'Yar marubucin ce ke jinya, ita ta jawo mata kujera.

“Malam, sannu da jiki,” in ji Goggo. “Zan riƙa karanto maka. In uwar ce ke magana, ɗaga mini yatsa ɗaya. In ɗan ne, biyu.”

Haka ta yi ta zuwa, ba ta daɗewa don kada ya gaji, har suka kai babin ƙarshe, inda uwa da ɗa suka haɗu bayan doguwar gaba. Akwai layin da ke cewa, “Ni na yi kuskure, a yafe mini.” Goggo ta riga ta ba ɗan wannan layi da fensir, kamar yadda kowa zai yi. Ta karanta. Malam ya ɗaga yatsa ɗaya. Ta sake karantawa a hankali, ya sake ɗaga ɗaya.

“Baba, uwar ce ke neman gafara?” in ji 'yarsa.

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Goggo ta goge alamar fensirinta, ta mayar wa uwar da maganarta. Littafin ya fito Malam na da rai. Ya riƙe shi a ƙirji da hannun da ke motsi, 'yarsa ta karanta masa babin. Bai daɗe ba ya rasu.

Yanzu idon Goggo ya yi rauni, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Goggo, ke ce mai raba zance, mai ba kowa abin da ya faɗa. Ke ce kika san inda ba za ki iya ba, kika je kika tambaya. Masu karatu da yawa sun bi hira shafi bayan shafi ba su taɓa komawa baya neman mai magana ba, kuma ba su san hannunki ne ba, domin sunanki bai hau bangon littafi ko ɗaya ba. Mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Marubuta da masu dubawa, ku ɗauki halinta. Ku bi rubutu a natse, inda kuka yi shakka ku tambaya tun mai amsa na kusa. Wanda kuma ya taɓa miƙa mata shafi, ya je gida ya gaishe ta tun tana ji.